Ƙaura, hijira ko ci-rani: me za mu kira tafiyar tsuntsaye?

Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tsayar da kalma ɗaya ga abin da Bature ke kira migration idan tsuntsaye yake nufi, wato tafiyar da suke yi duk shekara, su bar ƙasa idan yanayi ya juya, su dawo idan ya sake juyowa. A gidajen rediyon Kano na ji an ce ƙaura, na ji an ce hijira, malaman kimiyya kuma sukan bar ta da Turancinta a aji su wuce. Ni dai a ganina ci-rani ce kalmar.

Ƙaura ba ta yi mini ba. Wanda ya yi ƙaura ya kwashe kayansa ne ya bar kufai, shi ya sa ma ake ce wa mamaci ya ƙaura. Tsuntsun nan kuwa dawowarsa ita ce abin mamakin. Hijira kuma tana da nauyinta a addini, da ita muke lissafin shekara, gudun hijira kuwa yaƙi ne ko bala'i ke sa shi. A bar ta a matsayinta.

Ku dubi shamuwa. Da bazara take iso mana, wajen watan Afrilu ko Mayu, ta yi sheƙa a kan dogayen itatuwa cikin gari, ba ta gudun mutane, mutane ma ba sa taɓa ta. Manomi ya gan ta ya san lokacin gyaran gona ya yi. A nan take ƙyanƙyasa, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da tsutsotsin damina. Da kaka ta yi, ciyawa ta fara bushewa, sai ta nufi kudancin Afirka, wajen Zambiya da Zimbabuwe, inda ruwa ke sauka a lokacin da mu muke fama da hunturu. Wannan fa shi ne abin da mai ga-ruwa da mai yankan farce ke yi a Fagge da Sabon Gari: an gama girbi a ƙauye, a fito nema, hadari ya fara haɗuwa a koma gida. Bahaushe ya riga ya raɗa wa wannan suna tun da daɗewa.

Akwai kuma baƙin da ke zuwa mana daga Turai da Rasha. Sanyi ya rufe ƙasarsu, ruwa ya daskare, ƙwari sun ɓace, sai su ƙetaro Bahar Rum da Sahara su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, a Baturiya ta Jigawa da Dagona ta Yobe, daga wajen Oktoba zuwa Maris. Ranin namu suke zuwa ci kai tsaye. Cikinsu har da agwagin ruwa iri-iri da tsattsewa da farar shamuwar Turai. Ita wannan farar ba ta son ratsa teku mai faɗi, domin iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa ce ke ɗaga ta sama, a kan ruwa kuwa babu ita. Shi ya sa suke yin dafifi a mashigin Jibralta da na Istanbul.

Turawan ma sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya ba, har wasu malamansu na da suka ɗauka tsattsewa cikin taɓo take kwanciya sai sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, da shi ta yi tafiyar duka. Tana nan ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta a Denmark ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa don a san inda suka je.

Wani dattijo cikinmu ya kawo shawarar kalmar kai-komo. Baba, Allah ya ƙara girma, kalmar ta kama tafiya da dawowa, amma ba ta faɗi lokaci ba. Balbelar da ke bin shanu da safe ta koma bishiya da magariba ita ma kai-komo take yi.

Gyaran da ya fi ƙarfi da aka yi mini kan ci-rani shi ne na wata malama da ta ce akwai tsuntsun teku da ke tashi daga ƙurewar arewacin duniya zuwa ƙurewar kudu ya dawo, kimanin kilomita 70,000 a shekara, shi kuma bai san rani ba. Malama, gaskiyarki. Amma kalma takan faɗaɗa. Yau a labarai 'yan ci-rani ake ce wa masu bi ta Agadas da Libiya su nufi Italiya, ba wanda ke tambayar ko da rani suka tashi. Idan ta ɗauki waɗannan, da yawansu ma ba da niyyar dawowa suka fita ba, ai tsuntsun da ke dawowa kowace shekara ya fi cancanta da ita.

Saboda haka ga abin da nake roƙon mu riƙe: ci-ranin tsuntsaye, tsuntsu ɗan ci-rani, jam'i 'yan ci-rani. Waɗanda ba sa zuwa ko'ina, irin su kurciya, 'yan gida. Ranar da ake ware wa tsuntsaye masu wannan tafiya a Asabar ta biyu ta Mayu da ta Oktoba sai mu ce Ranar Tsuntsaye 'Yan Ci-rani ta Duniya.

Abin ya shafe mu mutanen Kano fiye da yadda muke zato. Ruwan da ke cika fadamun can daga kogunanmu yake gangarawa, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke malale fadamar ta ragu, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. A cikin birni ma ana ta cike kududdufai ana sare manyan itatuwan da shamuwa ke sauka. Yaron da aka koya wa darasin da kalmar da yake ji a gida zai fi saurin gane abin da ake asara.

Saura sunayen agwagin nan baƙi. Masuntan Haɗeja da Gashuwa suna rarrabe su ɗaya bayan ɗaya. Duk mai ɗan'uwa a can, don Allah ya tambayo mana ya rubuto a nan.