Neman shawara: ƙaiƙayin jikin 'yata ya ƙi ci ya ƙi cinyewa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata mai shekara 4 tana fama da ƙaiƙayi a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa, wurin ya bushe ya yi kaushi, da dare kuwa tana susa har sai jini ya ɓata zanin gado. Abin ya fara ne bayan mun tashi daga gidan haya a Sabon Gari mun koma gidan iyayen maigidana a cikin birnin Zariya, inda surukata ta ce daga danginmu aka kwaso shi, tunda ƙanena yana da asma, maganar da har yau ba ta bar raina ba. Mai kemis ya ba ni wani man shafawa mai haɗi uku, yana kwantar da abin cikin kwana 3, amma da na daina sai ya dawo fiye da da. Yanzu ga hunturu ya shigo. Don Allah ina mafita?

Hajiya daga Gyallesu: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki dafa ganyen darbejiya ki riƙa yi mata wanka da shi, ki bi da sabulun salo. Haka na yi wa jikana, ko da yake uwarsa ta raina maganina ta kwashe shi zuwa Kaduna, kuɗi suka ƙare a banza.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Samaru: Hajiya, ki yi haƙuri, sabulun salo zai ƙara busar da wannan fata. Maman yarinya, ki duba jikin bututun man nan, za ki ga an rubuta betamethasone ko clobetasol, waɗanda magungunan siteroid ne masu ƙarfi, kuma yawan shafa su yana sirantar da fatar yaro. Alamomin da kika lissafa, tare da asma a dangi, sun yi kama da eczema irin ta gado, wato cutar bushewar fata da ƙaiƙayi, wadda ba kyasbi ba ce kuma ba ta yaɗuwa. Wanka ya zama gajere da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba Dettol, ba soso, sannan ki shafe ta da Vaseline ko man kaɗanya tun jikin bai gama bushewa ba, safe da dare. Ki yanke mata farce, ki sa mata rigar auduga a ƙarƙashin rigar sanyi. Ki kai ta wurin likitan fata a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika. Wata nawa kina shafa man?

Wani uba daga Tudun Wada: Kafin a yanke hukunci, akwai wani da ke susa a gidan? Mu ƙazuwa ce ta kama mu, muka yi wata biyu muna shan Piriton muna gyangyaɗi, sai da kowa ya shafa benzyl benzoate aka wanke shimfiɗu.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya: Malam, ƙazuwa tsakanin yatsu da wuyan hannu ta fi kamawa. Ba ita ba ce.

Mai tambaya: Na gode, Anti, amma ni ba da ka nake shafa man ba, kaɗan nake lakatowa, kuma shi kaɗai ke sa ta barci. Dettol ɗin kuwa saboda ruwan rijiya ne. Zuwa Shika sai maigida ya dawo daga tafiya.

Hajiya daga Gyallesu: To kafin ya dawo, darbejiyar dai ba ta kuɗi ba ce.