Manhajata tana nuna farashin albasa na jiya: yaya zan tsara ajiyar bayanai?

ɗan_agege:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina zaune a Agege, kuma wata biyar ke nan ina gina manhajar yanar gizo da React (kayan aikin gina shafukan yanar gizo) domin wasu dillalan kayan gwari na kasuwar Mile 12 da ke Legas, inda mai saye zai ga farashin buhun albasa ko kwandon tumatur, ya kuma ga wane dillali ne yake da kaya a ƙasa. Da farko kowane shafi yana ɗauko bayanansa daga saba, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan, da kansa a cikin useEffect (umarnin React da ke aiki bayan an nuna shafi), sai dillalan suka yi ta ƙorafin cewa duk lokacin da suka koma shafin da suka bari sai sun sake jira, datarsu kuma tana ƙarewa, ga shi sabis ɗin cikin kasuwar ba ya da tabbas. Domin na rage musu wahala sai na riƙa zuba komai a localStorage, wato ma'ajiyar da burauza take da ita a cikin wayar mutum. Ranar Talatar da ta wuce motocin albasa suka iso da dare, farashi ya sauka da asuba, amma wayar wani dattijo ta ci gaba da nuna kuɗin jiya har azahar. Ya faɗa wa mai saye wannan farashin, mai sayen ya wuce rumfa ta gaba ya saya da sauƙi, dattijon kuwa ya kira ni ya ce na sa ya ji kunya a gaban mutane. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Akwai kuma matsala ta biyu: idan aka rubuta «tattasai» a gurbin bincike, wani lokaci sakamakon «ta» ne yake zama a allo. Don Allah ku nuna mini hanyar da ta dace.

yayar_yaba:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka karaya, domin kusan duk wanda ya yi wannan aiki ya taɓa faɗawa ramin nan. Tushen matsalarka shi ne ka ɗauki bayanan saba kamar naka ne, alhali aro ne: abin da ke cikin wayar hoto ne kawai na yadda abu yake a lokacin da aka ɗauko shi, kuma daga wannan daƙiƙar ya fara tsufa. Shi kuwa localStorage bai san lokaci ba, abin da ka ba shi zai riƙe har sai ka share da hannunka.

Shawarata ita ce ka zauna da takarda kafin ka taɓa kwamfuta, ka rubuta kowane irin bayani da manhajarka take nunawa, ka kuma rubuta tsawon lokacin da zai iya tsufa ba tare da ya cuci kowa ba. Jerin sunayen kaya zai iya yin yini guda. Sunan dillali da lambar rumfarsa za su iya yin awanni. Farashi kuwa, a kasuwar da mota ɗaya take iya sauya ciniki, ban ga dalilin da zai wuce minti ɗaya ko biyu ba.

Bayan haka sai ka ɗauki TanStack Query, kayan aikin ɗauko bayanai daga saba da ajiye su, wanda a da ake kira React Query. Kowace buƙata da ake aikawa saba kana ba ta makulli nata, wato sunan da za a gane ta da shi, misali kalmar farashi haɗe da lambar kayan, kuma idan sassa uku na shafi suka nemi makulli ɗaya a lokaci guda, kira ɗaya ne zai tafi saba. Saituna biyu ne mutane suke yawan cuɗawa. Na farko staleTime, wato tsawon lokacin da za a ɗauki bayani a matsayin sabo ba tare da an sake tambaya ba, kuma idan ba ka saita shi ba sifili ne. Na biyu gcTime, wanda kafin fitowa ta 5 a 2023 ake kira cacheTime, shi kuma yana nufin tsawon lokacin da za a riƙe bayanin da babu wani sashe da ke amfani da shi, asalinsa minti 5. Amfanin wannan tsari shi ne dillali zai ga tsohon bayanin nan take, ba tare da jira ba, yayin da ake ɗauko sabon a bayan fage. Yana kuma sake ɗaukowa idan mutum ya dawo kan shafin ko sabis ya dawo bayan yankewa. Idan dillali ya sauya farashi, ka kira invalidateQueries, umarnin da ke cewa bayanin ya tsufa, a kan makullin farashin, sai a ɗauko sabo.

Abu ɗaya da nake roƙonka kada ka tsallake: ka rubuta lokacin da aka sabunta farashin a ƙarƙashinsa, kamar «an duba ƙarfe 9:40». Akwai dataUpdatedAt da zai ba ka wannan. Da dattijon nan ya ga an rubuta jiya da yamma, da bai faɗi kuɗin ba sai ya tambayi maƙwabcinsa.

malamin_ikeja:
Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, amma ni ina ganin an fara gini daga sama. Burauza tana da nata rumbun ajiya tun kafin a san React, kuma da yawa daga cikin matasanmu ba sa waiwayarsa. Malam, ka buɗe kayan binciken burauza ka duba abin da sabarka take aikowa a Cache-Control, wato umarnin da take ba burauza kan yadda za ta ajiye abu. Ina kyautata zaton hotunan kayan ne suke cinye datar mutanenka, ba 'yan lambobin farashi ba. Idan sunan fayil yana sauyawa duk lokacin da abin cikinsa ya sauya, ka ba shi max-age (tsawon lokacin ajiya) na 31536000, wato shekara guda a daƙiƙoƙi, ba za a sake sauke shi ba. Farashi kuma ka sa masa no-cache tare da ETag, wato alamar da saba take gane ko bayani ya sauya da ita. Sunan yana ruɗar mutane, domin no-cache ba ya hana ajiya, cewa yake a tambayi saba kafin a yi amfani da abin da aka ajiye, idan kuma babu sauyi sai saba ta amsa da lambar 304, wato «bai sauya ba», ba tare da ta sake turo jikin bayanin ba. Wanda yake hana ajiya baki ɗaya shi ne no-store, kuma shi ya dace da lissafin bashi da cinikin kowane dillali.

Dabarar nuna tsoho yayin ɗauko sabo ma daga HTTP, ƙa'idar da burauza da saba suke magana da ita, ta samo sunanta na stale-while-revalidate, an bayyana ta a takardar ƙa'ida RFC 5861 a 2010, daga nan ne kuma SWR na kamfanin Vercel, wani kayan aiki irin TanStack Query, ya ciro sunansa. Sannan ka tuna yadda ake riƙe waya a kasuwa: ta maigida tana hannun yaron shago da safe, tana hannun ƙaninsa da yamma. Idan mutum ya fita daga asusunsa, ka share rumbun gaba ɗaya, don kada wani ya ga bashin wani.

mai_gyara_obalende:
Game da binciken, tsere ne tsakanin buƙatu. An aika ta «ta» da farko, amma ta makara a hanya ta iso bayan ta «tattasai», sai ta hau kanta. Ka jinkirta aikawa da kimanin kashi ɗaya bisa uku na daƙiƙa bayan mutum ya daina rubutu, ka kuma soke tsohuwar buƙata da AbortController, abin da burauza ta tanada domin haka. Idan ka sa kalmar binciken a cikin makulli kamar yadda Yaya ta nuna, kowace amsa za ta faɗa gurbinta. Ka kuma yi hattara da sake gwadawa: a TanStack Query ɗauko bayani ana maimaita shi sau 3 idan ya gaza, amma oda kada ka bari a maimaita ta sai da lambar shaida da saba za ta gane, in ba haka ba buhu goma zai zama ashirin.

ɗan_agege:
Allah Ya saka muku da alheri. Malam ya yi gaskiya, hotunan ne suke cin datar, na kuma gyara su jiya da dare. Na sa farashi a minti ɗaya tare da lokacin sabuntawa, na kuma sa saba ta sake tabbatar da kuɗin a daidai lokacin da aka danna oda, idan ya sauya a nuna wa mai saye kafin ya amince. Da safe na je Mile 12 na nuna wa dattijon, ya karanta lokacin da ke ƙarƙashin farashin da kansa, ya ce a ƙara girman rubutun domin idonsa. Abin da ya rage mini shi ne idan sabis ya ɗauke na awa uku: in ci gaba da nuna tsohon farashi da jan rubutu ne, ko in ɓoye shi gaba ɗaya? Yaya, me kike yi a naki aikin?