An karɓi wayoyi biyu da alat na bogi, an kuma sa ya tura ₦50,000: ta ina za a faro?

Abban Walid, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani. Ƙanina yana sayar da wayoyi, yana tallata su a Facebook da WhatsApp. Jiya da hantsi wani ya yi cinikin guda biyu a kan ₦385,000, ya ce yana Kano. Saƙon alat ya shigo da ₦435,000, sai mutumin ya bugo yana cewa hannunsa ne ya zarce, don Allah a maido masa da rarar ₦50,000 ta wani asusu da ya bayar. Yaron ya tura daga asusunsa, ya kai wayoyin tashar Kawo da ke nan Kaduna ya ba direba. Sai bayan magariba ya buɗe manhajar banki ya ga ko sisi bai shigo ba. Layin mutumin yanzu a kashe. Banki za a fara zuwa ko wurin 'yan sanda? Kuma tsakani da Allah, akwai abin da zai dawo?

Maman Ihsan, Barnawa:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Malam, ku fara raba asarar gida biyu, domin kowacce da hanyarta.

₦435,000 ɗin nan babu ita, ba ta taɓa fita daga kowane asusu ba. Saƙo ne kawai aka ƙirƙira da sunan bankin, shi ya sa yakan faɗo cikin jerin saƙonnin banki na gaskiya. Kada ku ɓata lokaci kuna roƙon banki ya nemo ta. Abin da za ku karɓa a kanta shi ne takardar bayanan asusu ta ranar, mai hatimin banki, wadda ke nuna kuɗin bai shigo ba. Ita ce shaidarku gaba.

₦50,000 kuwa kuɗi ne na gaske da ya bar sawu. Ya buɗe manhaja ya fito da rasit ɗin tiransifar. Zai ga sunan mai asusun, lambar asusu mai lamba 10, sunan bankin, da wata doguwar lamba mai lamba 30 da aka rubuta Session ID a gabanta. Da ita bankunan biyu ke gano cinikin a tsarin NIBSS, wato cibiyar da ke haɗa tura kuɗi tsakanin bankunan Najeriya. Ya kira layin korafi na bankinsa yanzu, kafin ma ya fita daga gida, sannan ya je reshe da takarda a rubuce, kwafi biyu. Su buga hatimin karɓa a ɗaya su ba shi, ya kuma karɓi lambar korafi. A takardar ya rubuta ƙarara cewa damfara ce, yana neman a sanar da bankin da kuɗin ya je domin a sa wa asusun PND, wato a hana cire kuɗi daga cikinsa. Kada ya kuskura ya rubuta cewa kuskuren tura kuɗi ya yi. Mutane suna yin haka don jin kunyar a ce an yi musu wayo, sai takardar ta tafi teburin da ba nata ba, a bi ta a hankali.

Abin da ke ɓata lamarin shi ne jinkiri. Irin waɗannan mutanen ba sa barin kuɗi ya kwana: ko su rarraba shi zuwa wasu asusun, ko su cire wurin mai POS cikin mintuna. An riga an kwana ɗaya, don haka ina jin tsoron asusun ya zama wayam, amma a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, a kai rahoton duk da haka. Ko an tarar da kuɗin, banki ba ya ɗebo wa mutum daga asusun wani haka kawai. Yawanci sai mai asusun ya amince ko a kawo odar kotu. Idan mako biyu ya cika bankinku bai ce komai ba, sai a kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Bankin Najeriya, CBN, tare da lambar korafin nan. Ba sa sauraron wanda bai fara bi ta bankinsa ba.

Ɗan Kawo:
Hajiya ta gama magana a kan banki. Amma mafi yawan dukiyar tana jikin wayoyin, kuma sawunsu yana tasha. Yau ɗin nan ku je Kawo, wurin 'yan yuniyon na layin da aka ba saƙon. A nemo direban da lambar motarsa. Tambaya uku za ku yi masa: a ina ya sauke saƙon, wa ya karɓa, da wace lamba aka kira shi. Ta ukun ita ce mai tsoka. Layin da aka yi ciniki da shi na yarwa ne, amma wanda ya je karɓar kaya sau da yawa ɗan aike ne ko mai Keke Napep, da layinsa na kullum yake kira. Ku ɗauki hoton jerin kiran daga wayar direban kafin sababbin kira su ture shi ƙasa. Ku yi masa magana da mutunci, shaida ne ba ɓarawo ba. In kuka shigo masa da zargi, bakinsa zai mutu, abokan aikinsa kuma su tsaya masa.

Sai lambar IMEI, wato lambar shaida ta jikin waya. Kowace waya tana da ita, lamba 15, mai layi biyu tana da guda biyu. Tunda wayoyin sun tafi ba za a iya danna *#06# don ganinta ba, sai a duba kwali in yana nan, ko rasit ɗin dilan da ya sayar masa, ko hotunan da ya ɗauka don talla. Dilolin kirki suna rubuta ta a littafi. In babu IMEI, gaskiya bin sawun wayar ya yi wuya ƙwarai. In akwai, a saka ta cikin takardar koke, 'yan sanda ne ke da hurumin neman bayani daga kamfanonin sadarwa su ga layin da aka saka a ciki. Ku kuma tura lambobin ga wani amintacce a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da 'yan waya na nan Kaduna, don irin wannan kayan da wuri ake karyar da shi.

Wani lokaci sai bayan makonni wayar ke bayyana a hannun wanda ya saya bai san komai ba. Kada ku je ƙwace da kanku. Ta bakinsa ake bi a kai ga wanda ya sayar masa.

Abu ɗaya da nake roƙonku: duk wanda ya shigo muku ta saƙo yana cewa zai bi sawun waya ko ya dawo da kuɗi in an biya shi kafin aiki, ku rufe shi. Masu bin waɗanda aka cuta ne su ƙara yankarsu.

Barista A., Unguwar Rimi:
Kafin komai, a tsare shaida a daren nan. WhatsApp yana ba mutum kusan kwana biyu ya goge saƙon da ya tura daga ɓangarorin biyu, kuma lokacin bai ƙare ba. A ɗauki hoton hirar daga farko har ƙarshe, lambar wayar tana fitowa a sama, a adana saƙonnin murya, a fitar da hirar gaba ɗaya zuwa imel. A kwafi adireshin shafinsa na Facebook kafin ya sauya suna. Saƙon alat ɗin kada a goge shi, wayar da aka yi hirar da ita kuma kada a sayar. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar takardar tabbatar da na'urar da aka ciro shaidar, rashinta kan sa lauyan wancan ɓangaren ya nemi a yi watsi da hotunan.

Takardar koke shafi ɗaya ta isa: rana da lokaci, abin da aka sayar da kuɗinsa, lambobin waya, asusun da aka tura wa kuɗi, IMEI, bayanin direba. A kai ofishin 'yan sanda na yankin da abin ya faru, in ya tsaya a rubuta wa Kwamishina a nemi a mayar da shi sashen binciken manyan laifuka na jiha. EFCC ma tana da ofishin shiyya a nan Kaduna, kuma karɓar koke kyauta ne. Laifin karɓar dukiya ta hanyar yaudara ne ƙarƙashin dokar damfara ta 2006, hukuncinsa shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara, kuma sashe na 11 ya ce kotu ta umarci wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cuta. Akwai kuma hanyar shigar da ƙara kai tsaye a kotun majistare, alƙali ya tura wa 'yan sanda su bincika. Ta kotu ake samo odar da Hajiya ta ambata, wadda za ta sa banki ya riƙe asusun ya kuma bayar da bayanan mai shi.

Sunan da ke jikin asusun ba lallai shi ne ɗan damfarar ba. Suna hayar asusun ɗalibai da marasa aiki, ko su buɗe da bayanan wani. Don haka kada ku watsa sunan da hoton kowa a intanet kuna kiransa ɓarawo, za ku iya komawa ku ne ake ƙara kan ɓata suna. Amma mai asusun yana da BVN da adireshi, dole ya faɗi wanda ya ba wa. A nan ne galibi iyaye ke zuwa neman sulhu. In ta kai ga haka, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a sa adadi da ranakun biya, kuma kada a janye koke sai kuɗi ya shiga asusu an gani a manhaja.

Abban Walid, Tudun Wada:
Allah ya saka muku da alheri. An samu kwalin ɗaya, ɗayar kuma dila ya ce yana da lambar a littafi. Barista, kuɗin bin maganar fa? Ina gudun garin neman gira a rasa ido.

Barista A., Unguwar Rimi:
Tsoronka yana kan hanya, Malam. Ku yanke tun yanzu iyakar abin da za ku kashe, ku rubuta duk abin da ya fita. Banki, tasha da takardar koke kuɗin mota da na buga takarda kawai suke ci, waɗannan a yi su gobe gaba ɗaya. Abin da ke cin kuɗi shi ne odar kotu da zirga-zirgar Kano. Kada ku nemi oda saboda ₦50,000 kaɗai sai banki ya nuna akwai abin da aka riƙe, ko kuma kuna buƙatar bayanan mai asusun don a kai ga wayoyin. In kuɗin lauya ya gagara, ku je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa da ke Kaduna ku gabatar da kanku. Ku tafi da kwafi uku na kowace takarda, na asali kuma ya zauna a hannunku.