Ƙwayoyin gyaran ƙwaƙwalwa: da gaske an kai masu su kotu kan tallar ƙarya?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Shekara 3 ke nan Hajiyarmu tana zaune da mu a nan Amurka, shekarunta 74. Tun bara mantuwa ta fara damunta. Ta tambaye ni abu ɗaya sau uku kafin azahar, ran nan kuma sunan jikarta ya kuɓuce mata, na ga idonta ya ciko da ƙwalla. Abin ya tsaya min a rai. Sai na ga tallar wata ƙwaya a talabijin, wai gwajin likitoci ya tabbatar tana dawo da kaifin tunani, na fara saya mata. Ba zan kama sunanta ba. Wata 7 ke nan, kwalba ɗaya duk wata, ni dai ban ga canji ba. Yanzu wata abokiyar aikina ta ce ana ta shari'a da kamfanonin irin waɗannan ƙwayoyi. Gaskiya ne? In kuwa haka ne, yaya aka yi hukuma ta bar su a kan kantar masu sayar da magani?

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Gaskiya aka faɗa miki. Wadda ta fi ƙaurin suna ita ce shari'ar wata ƙwayar mantuwa mai suna Prevagen. A Janairun 2017 hukumar FTC mai kare masu saye, tare da babban lauyan jihar Niyok, suka maka kamfanin Quincy Bioscience mai yin ƙwayar a kotu. Sinadarin da ke cikin ƙwayar furotin ne da aka fara samu daga wata halittar teku mai haske, jelifish. Kamfanin ya dogara da gwajin da shi kansa ya yi a kan mutum 218 na kwana 90. Masu ƙara suka ce da aka haɗa sakamakon kowa da kowa, waɗanda suka sha ta gaske ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai a ciki ba. Sai aka koma ana yayyanka sakamakon gida-gida, sama da sau 30, har aka tsinci inda ya ɗan yi kyau, aka ɗora talla a kai. Wanda ya yi ta jifa ai dole wata rana ya samu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne daɗewar. Alƙali ya kori ƙarar a 2017, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da ita a 2019, sai a 2024 aka zauna shari'ar. A Disambar 2024 ne kotu ta hana su cewa ƙwayar tana gyara mantuwa. Kusan shekara 8, kuma duk tsawon lokacin tsofaffi suna zuba kuɗinsu.

Baban Iman:
Game da tambayarki ta biyu, Maman Hanifa: wata dokar Amurka ta 1994 ce ta buɗe ƙofar. A ƙarƙashinta ba a ɗaukar waɗannan ƙwayoyi a matsayin magani, kayan ƙarin abinci ne, don haka ba sai FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, ta gwada ingancinsu kafin su shiga kasuwa ba. An hana su cewa suna warkar da cuta, amma an yarda su ce suna "taimaka wa ƙwaƙwalwa". Juya kwalbar ki duba, za ki ga ƙananan rubutu cewa FDA ba ta tantance wannan magana ba.

Kuma kada ki sa rai da kuɗi mai yawa. A sulhun ƙarar da masu sayen Prevagen suka haɗu suka kai, a 2020, mai rasit bai wuce dala 70 ba, marar rasit dala 12. Masu Neuriva, wata ƙwayar irin wannan, kuma a nasu sulhun sun yarda su cire "an tabbatar" su sa "an gwada", har kotun ɗaukaka ƙara ta soke sulhun a 2023. Ki dai riƙa adana rasit.

Anti Bilki:
Ƙanwata, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba kuɗin ne ya dame ni ba, wata bakwai ɗin nan ne. Mantuwar tsoho ba kullum tsufa ne ke kawo ta ba. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo ta, musamman ga mai ciwon suga da ya daɗe yana shan metformin. Haka matsalar maƙoƙo, rashin barci, raunin ji, damuwa, da wasu magungunan barci da na mura. Wasunsu gwajin jini kawai ke nunawa, kuma ana maganinsu. Ko ginkgo, maganin ganyen wata bishiya da ake ta yabo, an gwada shi a kan tsofaffi sama da 3,000 na kusan shekara 6, sakamakon ya fito a 2008, bai hana ciwon mantuwa ba.

Kada ki zargi kanki, son uwa ne ya sa ki. Ki kwashe duk abin da take sha a leda, har kwalbar nan, ki kai wa likitanta. Ki shiga tare da ita ki yi mata tafinta, don gwajin tunani da harshen da mutum bai ƙware ba yana iya nuna abin da babu.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Bilki, wallahi gabana ya faɗi da kika ambaci metformin, shekara 11 Hajiya tana shan shi. Na kira asibiti yanzu, sun ba mu ranar Talata da safe. Shin sai ta je ba ta karya ba kafin a ɗebi jinin?