"Ba girin-girin ba, ta yi mai": har yanzu tana aiki a kasuwar Legas?

Ɗan Agege: Salamu alaikum. Manya, ku warware mana. Yaranmu sun ce yanzu kasuwa ta mai yawan mabiya ce a TikTok, wai "ba girin-girin ba, ta yi mai" zancen mutanen da ne. Haka ne?

Baba Mai Goro: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka leƙa kasuwar Mile 12 da asuba. Manomi ya loda tumatir a Kwanar Gafan ta Kano, bai biyo motar ba, ba takarda, ba shaida. Dillali ya sauke, ya sayar, ya cire la'adarsa da kuɗin mota, ya tura sauran. Wannan dillalin in ya ɗaga ganyen bakin kwando ya shinshina, ya san ko an cusa ruɓaɓɓe a ƙasa. Ba ka taɓa ganin hotonsa a waya ba, amma in ya ce kar a yi lodi gobe, kasuwa ta cika, ba wanda zai yi. Man ke nan. Karin maganar cewa take a daina kallon hayaniya, a jira a ga abin da aiki ya haifar.

Hajiya Mai Atamfa: Baba, a gafarce ni, ban yarda duka ba. Mu a Balogun rabin cinikina daga WhatsApp yake zuwa. In na yi shiru wa zai san na sauke sabon leshi? Kuma ni na lura, yawanci mai hassada ne ke jefa wannan maganar in ya ga wani ya fara tashe.

Baba Mai Goro: Hajiya, talla daban, girin-girin daban. Ke kina nuna abin da kike da shi ne.

Na-Canji: Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin takardun naira. Tsabar kuɗi ta ɓace, ka tura kuɗi ta waya su maƙale kwana da kwanaki. Wa aka bai wa kaya ya tafi ba tare da an ga alat ba? Wanda aka san ba ya saɓa alkawari. Na ga masu suna a intanet sun tsaya bakin rumfa suna nuna hoton rasit, mai kaya ya ce sai kuɗi sun shigo.

Sarkin Yanka: Haka abin yake a wajenmu, mayankar Oko-Oba. Bafatake ya kawo shanu daga Potiskum ko Mubi, bai san mahautan Legas ba. Maigidansa ne zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya tsaya wa mahaucin da zai ɗauki sa bashi. In mahauci ya gudu, maigida ne zai biya daga aljihunsa. Shi ya sa ba ya tsaya wa kowa sai wanda ya san gidansa da mahaifinsa. Kuma zai shafa gadon bayan sa, ya danna cinya, ya faɗa maka naman da za a samu, da wuya ya kuskure.

Ɗan Agege: Ranka ya daɗe, to nan ne yaran ke da hujja. Wanda ba shi da uba a kasuwa, shekara nawa zai yi yana yaron gida kafin a yarda da shi? Waya ta gajarta masa hanya.

Hajiya Mai Atamfa: Yauwa! Kuma ba duk mai shiru ne mai amana ba. Akwai masu carbi a hannu da suka cinye kuɗin adashi.

Na-Canji: Gaskiya ne, Hajiya. Amma ita wayar, mai saye na farko kawai take kawo maka. In ya buɗe ƙunshi ya ga ba kalar da ya gani a hoto ba ce, a wayar dai zai tona ka.

Baba Mai Goro: Ɗan Agege, turo min yaron nan Zango ranar Asabar. Zan ba shi huhun goro ɗaya bashi, ya tallata a TikTok ɗin nasa, ya kawo kuɗin bayan sati biyu.