Wai har yanzu ana yi wa yara shifta a makaranta kuwa?

Maman Ilham: Salamu alaikum ’yan zaure. Dan Allah ina da tambaya, wai yanzu an daina shifta a firamare ne? Ilham tana aji huɗu, karatu kam tana yi ba laifi, amma in ka ce ta rubuta abin da ta karanta sai ka rasa gane kansa. Lesin zan sa ta ko akwai wata dabara a gida?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Tamu ma haka take wlh, ina nan ina jiran amsa.

Baban Sadik: Maman Ilham kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Shekara uku Sadik yana wata makarantar kuɗi a unguwarmu, kowane zango sakamako ya zo da 80 da 90, ni kuma ina ta murna ina biyan kuɗi ban taɓa buɗe littafinsa ba, laifina ne wannan na yarda. Ranar da ido na ya buɗe, kakarsa ce ta ce ya rubuta mata jerin kayan cefane za ta ba yaron shago, wlh abu bakwai ta faɗa biyu kawai ya rubuta daidai, gishiri ya koma gisiri, albasa ya cire mata b ɗin gaba ɗaya. Da daddare na ce ya kawo jakarsa. Na buɗe littafin Turanci, shafi bayan shafi jan biro an ja alamar daidai a kan kalmomin da ni ma da ban yi nisa a boko ba na ga kuskure ne, wani wuri ya rubuta kalma ɗaya kala uku a shafi guda kuma duk an ba shi maki. Washegari na je, malamar ta ce min ai yanzu jarabawa duk canki-canka ce, yaro zai zagaye A ko B ne kawai, kuma iyaye ba sa son ganin jan biro da yawa a littafin yara, in an cika gyara sai su cire su. Abin ya ɓata min rai sosai, domin ni ba don a faranta min na kai shi ba. Ƙarshen zango na cire shi. Yanzu kullum bayan magariba kalma goma nake karanta masa ya rubuta, biyar Hausa biyar Turanci, wacce ya kuskure ya sake ta sau uku, ranar Asabar mu maimaita na sati. Wata huɗu ke nan kuma bambancin a fili yake. Kafin ki biya kuɗin lesin fara buɗe littafinta ki gani tukuna.

Malama ta Firamare: Baban Sadik a yi mana adalci dai. Ajina yara sun haura tamanin, in na yi shifta yau wa zai duba littafi tamanin kafin gobe, ga sauran darussa? Muna yi, amma sau ɗaya a sati, kuma musayar littafi nake sa su yi kowa ya duba na ɗan’uwansa ina rubuta amsar a allo.

Baban Sadik: Malama ba da ku nake ba, Allah ya saka muku. Waccan ajin su ashirin da biyu ne fa.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar dikte, wato shifta, ba wasa ba ce, tun muna ƙanana ita ce abin tsoro a lakwal, wato makarantar boko, kuskure kaɗan maki ya tafi. Amma ta Faransanci ce, Hausar kuwa da yawanmu a waya muka koyi rubuta ta.

Kawu Tsohon Hedimasta: Matsalar Hausa ma ta fi damuna. Yara da manya sai ka ga yazo, nace, zanje a haɗe, alhali ya zo ne, na ce, zan je. Ga ƙugiya an watsar, baki da baƙi ɗaya, fada da faɗa ɗaya, kafa da ƙafa ɗaya. Tun 1912 Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa’idojin rubutun boko, aka zo aka yi taron Bamako a 1966 don daidaita rubutun, duk wannan wahalar a ce jikokinmu ba su san ɗ ba.

Ɗan Maraɗi: Kawu ai ku ne kuka ƙi ƴ, kuna rubuta ’ya’ya da waƙafi a sama, tamu ta fi kyau.

Kawu Tsohon Hedimasta: Duk biyun daidai ne ɗana, kowa da tsarin ƙasarsa. Kai dai ka raba ya zo.

Uwar Biyu: Ni wayata ce ba ta da ƙugiyar shi ya sa.

Abban Nana: Sa Gboard ki zaɓi Hausa a harsuna, duk suna ciki.

Malama ta Firamare: Maman Ilham in za ki nemi mai lesin ki tambaye shi ko ya iya koyar da sautin haruffa, irin Jolly Phonics ɗin da aka horar da mu. Kuma ki fara da Hausa, domin yadda ake faɗa haka ake rubutawa, ba-bi-bu, in ta kama gaɓa Turancin zai zo da sauƙi. A Bauci da Sakkwato shirin Mu Karanta haka ya bi da ’yan aji ɗaya zuwa uku.

Gwaggo: Mu a makarantar allo sai ka gama babbaƙu ka shiga farfaru, kuma ba ka wanke allo sai malam ya ji ka biya daidai. Ku mayar da su allo da asuba ku ga aiki.

Abban Nana: Gwaggo yanzu asubar ma motar makaranta ce ke jiran su a ƙofar gida.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yanzu na ɗauko littafin nata, Baban Sadik irin abin da ka faɗa ne sak, har da sunan unguwarmu ba daidai ba kuma an ja mata alamar daidai. Kalma goman nan daga ina kake ɗauko su, daga littafin makaranta ko kai kake zaɓa?

Uwar Biyu: Abban Nana na sa abin amma ban ga ƙ ɗin ba har yanzu, ina zan danna?