Wai ina ungulayen Garwa suka shiga ne?

Ɗan Rumde: Salam jama'a. Jiya na raka kawuna mayanka sayen kayan ciki, ana ta fiɗa sai na ɗaga kai, wallahi ko ungulu ɗaya babu. Ni da na taso ina ganinsu reras bisa kwano, kana jifansu da takalmi su matsa kaɗan su dawo. Kawu ya ce gara haka ai ƙazamai ne, amma warin da na shaƙa a wurin bai yi kama da an samu sauƙi ba. Wa ya san inda suka yi?

Mahaucin Marwa: Wa alaikassalam yarona. Ba tafiya suka yi ba, kashe su ake. Akwai masu bin kasuwanni suna sayen kai da ƙafa da ƙwai su tsallaka da su Najeriya wajen masu tsibbu, wai maganin sa'a da farin jini. Sai kuma guba, makiyayi ya ji haushin kura ta kashe masa maraƙi ya barbaɗa magani a mushen, kurar ma wataƙila ba za ta dawo ba amma ungulu ba ta jewar banza, su sauka su ci su zube nan take. Ka gaida kawun naka ka ce masa ni shekara talatin ina riƙe da wuƙa, da in mun watsar da tumbi da jini kafin azahar sun share wurin tas, yanzu karnuka da ƙuda ne suka gaje su.

Ɗalibar Ngaundere: Baba ya faɗi gaskiya. Ruwan cikin ungulu yana da tsami sosai, har ƙwayar cutar saifa da ke kashe shanu yana narkar da ita, shi kuwa kare in ya ci mushe gida yake dawowa ya kwanta kusa da yara. A Indiya an ga abin da ido, daga shekarun 1990 ana ba shanu maganin rage raɗaɗi mai suna diclofenac, in ungulu ta ci mushen saniyar sai ƙodarta ta lalace ta mutu, sama da kashi 90 cikin 100 suka ƙare, karnukan titi suka yi yawa cizon mahaukacin kare ya ƙaru, sai 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin. A Botsuwana ma 2019 ungulu 537 suka mutu a kan gawar giwaye uku da mafarauta suka sa wa guba don kada jewarsu ta tona musu asiri. Kuma irin tamu ta cikin gari ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, tun 2015 tana jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Hajiyar Injamena: Toh ungulu na yarda, amma don Allah kar wani ya zo ya ce min jemage ma na da amfani, sun gama min da mangwaro bana, ga kashi a tsakar gida kullum sai an wanke.

Ɗalibar Ngaundere: Hajiya ki yi haƙuri fa 😂 furen kuka da na ɗorawa da dare suke buɗewa, jemagu ne ke shan ruwan furen suna kai garinsa daga wannan bishiya zuwa waccan har ta yi 'ya'ya. Daddawar miyarki da hannunsu a ciki. Kar dai yara su taɓa su ko su ci abin da suka gatsa.

Hajiyar Injamena: Yo su tsaya can kan ɗorawar mana, me ya kawo su mangwarona.

Ɗan Rumde: Na karanta wa kawu duka, ya yi shiru, can ya ce shi dai har yanzu ba zai so ta sauka kan rufinsa ba. Baba na Marwa, ko can wajen gandun dajin Waza ana ganinsu har yanzu? Ina so in kai ƙanena ya gani, shekararsa tara bai taɓa ganin ungulu ba sai a waya.